Ta'aziyyar 'Yan Fim da Haƙƙin da Ba a Biya Ba

Rasuwar ɗan fim a ƙasar Hausa tana bin hanya guda, kuma da wuya ta kauce mata. Labari yakan fara ɓulla a Facebook ko Instagram daga wajen wani abokin sana'a, da salati da hoton mamacin. Kafin a yi jana'iza gidajen rediyo sun ɗauka, jaridu sun tabbatar. Unguwa takan cika babu masaka tsinke. Washegari saƙonnin gwamnoni da sanatoci su fito, kowa yana cewa an yi babban rashi, giɓin da aka bari zai yi wuyar cikewa. A zaman makoki ana ɗaukar hoton duk babban mutumin da ya zo gaisuwa. Bayan sadakar bakwai magana takan mutu, sai guntayen bidiyon mamacin da ke ci gaba da yawo a wayoyi. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne halin da mutumin ya shiga a shekarunsa na ƙarshe, da abin da sana'ar da ta cinye ƙuruciyarsa ta bar wa iyalinsa. Amsar wannan tambaya ita ke nuna matsayin da jama'a da hukumomi suka ajiye masu nishaɗantar da su.

Wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1970 da 1980 gidajen rediyo da talbijin na gwamnati a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato suke shirya wasannin mako-mako, waɗanda yara da manya kan taru a gidan mai akwatin talbijin domin kallo. A wannan zamani ne Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa, ya zama Samanja Mazan Fama, ya kawo rayuwar bariki da Hausarta cikin gidajen mutanen da ba su taɓa taka bariki ba. Kasimu Yero ya yi suna a Karambana, ya kuma fito a matsayin Uncle Gaga a wasan Turanci na Cockcrow at Dawn wanda duk Nijeriya ta kalla. A Jos kuwa Abdullahi Shu'aibu ya zama Karkuzu, har sunan wasa ya danne na yanka. Abin da irin waɗannan mutane suke samu ladan fitowa ne daga gidan da ya ɗauki wasan, kaset kuma mallakar gidan ne. Kasimu Yero ya rasu a watan Satumba na 2017, Samanja a watan Nuwamba na 2023, Karkuzu a watan Maris na 2025.

Ƙarshen rayuwar Karkuzu ya isa a yi nazari a kansa. Tsufa ya zo masa da makanta, ga rashin muhalli na kansa, har ta kai shi ga fitowa a bidiyo yana neman taimakon jama'a. Ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ne ya saya masa gida. Ahmed Musa ya yi abin a yaba masa, amma labarin abin kunya ne ga duk wata hukuma ko ƙungiya da ke da'awar kula da wannan sana'a. Mutumin da ya shafe shekaru da dama yana sa Arewa dariya bai kamata rufin asirinsa ya rataya a kan ko wani mai hali zai ci karo da bidiyonsa ba.

Masana'antar fim ta bidiyo ta fara ne a Kano da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, fina-finai irin su Sangaya da Wasila suka ratsa har Nijar da Gana da Kamaru. A 1999 mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, kuma a wannan tsakanin ne Sunusi Shehu Daneji ya laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Sai dai tun daga tushe an gina cinikin a kan tsarin da bai san gobe ba. Furodusa yakan haɗa kuɗi ya yi fim, ya buga kwalin kaset, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata. Su ne ke kwafar kaset su sa a kwali su sayar, shi kuma rabonsa kuɗin kwalin da aka saya. Ɗan wasa kuwa ana sallamarsa ne a lokeshan, da baki aka yi ciniki, da hannu aka miƙa kuɗi, shi ke nan an rabu. Ko fim ya yi kasuwa shekara biyar, ko an sake buga shi sau goma, babu sisin kwabo da zai sake zuwa hannun wanda fuskarsa ke kan kwalin. Manyan jarumai kaɗan ne suka iya tsayawa su yanka farashinsu, kuma yawancinsu sun yi arziki ne bayan sun zama furodusoshi da kansu.

Ko wannan tsari mai rauni bai ɗore ba. Faifan CD ya kori kaset, satar fasaha ta yi wa faifan illa, daga baya masu tura fim a waya suka ƙarasa shi, domin da kuɗi ƙalilan mutum zai cika wayarsa da fina-finan da aka kashe miliyoyi wajen shiryawa. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka kwashe wani kaso na masu kallo. Abin da ya farfaɗo da masana'antar shi ne fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa sannan Kwana Casa'in, a 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa YouTube na iya zama kasuwa. Hanyar sayarwa ta sauya baki ɗaya, amma a wurare da yawa hanyar biyan ɗan wasa tana nan yadda take a zamanin kaset.

Wannan ne ya fito fili a watan Fabrairu na 2022, lokacin da dattijuwa Ladin Cima ta yi hira da sashen Hausa na BBC a shirin Daga Bakin Mai Ita. Ta bayyana cewa abin da ake ba ta a fim yakan tsaya ne a 'yan dubbai kaɗan, irin su dubu biyu zuwa dubu biyar, kuma duk daɗewarta a sana'ar ba ta iya mallakar gida ba. Masana'antar ta ɗauki zafi. Wasu furodusoshi da daraktoci suka fito suna cewa sun biya ta fiye da haka, mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya goyi bayanta, aka shafe kwanaki ana musayar yawu. Wanda ya bi rigimar da idon basira zai lura da abu guda: magana ce ta fatar baki daga kowane ɓangare, domin al'adar sana'ar ba ta san rubuta yarjejeniya ba. Adalci ne a faɗi cewa furodusoshi da yawa su ma a cikin asara suke, kuma mai fitowa a sin biyu ba zai karɓi abin da jarumin fim zai karɓa ba. Amma rashin riba ba ya hana a rubuta abin da aka yi alkawari, kuma inda babu rubutu kullum mai ƙaramin ƙarfi ne ke kwana a ciki.

Ƙarancin abin da fim ke kawowa shi ya sa 'yan wasa da yawa suka dogara da wasan gala, da bukukuwa, da tallace-tallace, wato da yawan tafiya a kan titunan da kowa ya san halinsu. Ahmad S. Nuhu, wanda tauraronsa ke tsakiyar haskawa, ya rasu a haɗarin mota a Azare ranar 1 ga Janairu, 2007, yana kan hanyar zuwa Maiduguri wasan Sallah. Kafin shi, a 2003, Balaraba Muhammad ta rasu a hanyar Kano zuwa Kaduna ana cikin kai ta gidan miji. Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ta rasu a haɗarin mota a farkon 2010, haka ma matashin ɗan barkwanci Kamal Aboki a watan Janairu na 2023. Ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma babu Musulmin da ke jayayya da haka. Sai dai yarda da ƙaddara bai hana direban tanka ko ma'aikacin banki samun wani tanadi da iyalinsa za su dogara da shi ba, don haka babu dalilin da zai sa a ce ɗan fim ne kaɗai tawakkali ya wadatar.

Babu wanda rayuwarsa ta tattara wannan al'amari kamar Rabilu Musa Ibro. Ɗan ƙauyen Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya koma wasan barkwanci ɗungurungum. Ya kai matsayin da sunansa kaɗai ke sayar da fim, shi ya sa aka riƙa liƙa shi a gaban suna, kamar Ibro Awilo da Ibro Aloko. Barkwancinsa na talaka ne. Yakan ɗauki ɗan ƙauyen da ya shigo birni, ko malamin tsibbu, ko ɗan kasuwa mai haɗama, ya nuna wa mutane kansu har su yi dariya ba tare da sun ji haushi ba, kuma duk wani sabon yayi da ya shigo gari sai ya bi ta kansa. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai kula da harkar fina-finai a Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu, bisa tuhumar da ta shafi Ibro Aloko da rajistar kamfani, ya shiga irin gidan da ya taɓa tsarewa. Shekara shida bayan haka, a watan Disamba na 2014, ya rasu bayan fama da ciwon ƙoda, jama'a suka yi tururuwa zuwa jana'izarsa, manya suka yi ta yabon irin gudummawar da ya bayar. Hukuma ta ɗaure shi yana raye, manyan gari sun yabe shi bayan ya mutu, amma ba a yi wani tsari da zai sa fina-finansa, waɗanda har yau ake kallo a tashoshi da wayoyi, su zama gadon da ke shigo wa 'ya'yansa da wani abu a kai a kai ba.

Jinya ita ce inda asirin masana'antar ya fi tonuwa. Ciwon ƙoda da ciwon suga da hawan jini cututtuka ne masu cin dukiya a hankali, wankin ƙoda kaɗai yana iya durƙusar da mai albashi, balle wanda sai ya fita lokeshan zai samu. Don haka aka saba ganin tsohon jarumi a kan gadon asibiti, an kafa masa waya a fuska, ana karanto lambar asusun banki. Sani Garba SK ya daɗe yana jinya kafin rasuwarsa a watan Disamba na 2021, kuma tun yana raye aka sha yaɗa cewa ya mutu. Wannan ɗabi'a ta kashe mutum da baki ta zama sana'a a wajen wasu masu shafukan YouTube da Facebook, waɗanda ke samun kuɗi gwargwadon yawan masu latsawa. Suna ci da sunan marar lafiya alhali shi ba ya da kuɗin magani, kuma duk wanda ya tura irin wannan labari gaba ba tare da ya tabbatar ba ya taya su cin wannan haram.

Idan rasuwar ta tabbata kuma sai wata muhawara ta taso, wadda ta fi tsanani a kan mata. Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan Ramadan, bayan ta yi sahur ta koma barci. Ta yi suna ne da fitowa a matsayin muguwar mace, mai makirci da kaifin baki, ta kuma iya rawar har wasu masu kallo suka kasa raba Daso ta fim da Saratu ta gida, alhali abokan aikinta sun shaide ta da fara'a da son mutane. A irin wannan lokaci, tun kafin a binne mamaci, akan sami masu kira da a goge fina-finansa da hotunansa domin kada su zame masa azaba, da masu mayar da gawar abin wa'azi ga sauran 'yan fim, har da masu yanke hukuncin inda ya dosa. A cikin masu kiran a goge akwai masu kyakkyawar niyya, kuma idan iyalan mamaci suka nemi a cire wani hoto ko wani bidiyo, haƙƙinsu ne a saurare su. Amma akwai rashin gaskiya a cikin yadda jama'a ke yin abin. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana kallon jaruma, yana tura bidiyonta, yana neman ɗaukar hoto da ita a wajen biki, ba shi da bakin da zai wayi gari ranar mutuwarta ya ce sana'arta ɓata ce. In laifi ne, da shi aka yi, domin kallonsa ne ya riƙe kasuwar. In kuwa ba laifi ba ne, to me ya kawo tozarta mamaci a gaban 'ya'yansa? Addinin da ake fakewa da shi ya hana zagin matattu, ya kuma bar hukuncin makomar bawa a hannun Mahaliccinsa. Addu'a ita ce abin da mamaci ke buƙata daga mai kallo, kuma ba ta buƙatar a haɗa ta da gori.

Dangantakar masana'antar da gwamnati ta faro ne da zargi. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. A 2007, bayan fitar wani bidiyo na sirri da ya tayar da ƙura, aka sake dakatar da shirya fim na wata shida, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar. A zamaninsa aka ɗaure Adam A. Zango da Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan Tama, 'yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Tace fim ba aibu ba ne. Kowace al'umma tana da iyakar abin da za ta yarda a nuna wa 'ya'yanta, kuma akwai fina-finan da suka cancanci almakashi. Matsalar ita ce hukumar da aka ba ikon yin rajista da karɓar kuɗi da kamawa ba a ɗora mata nauyin kare wanda take karɓar kuɗinsa ba. A watan Mayu na 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda rashin kawo su a tace. Wannan ya nuna tana da ƙarfin tsayar da duk wanda ta ga dama. Da wannan ƙarfin za ta iya cewa ba za ta tace fim ba sai an haɗo shi da takardun yarjejeniyar waɗanda suka yi aikinsa.

Lokacin zaɓe kuwa zargi yakan koma soyayya. 'Yan siyasa sun daɗe da gane cewa jarumi ɗaya ko mawaƙi ɗaya yana tara jama'ar da kwamitin yaƙin neman zaɓe ba zai tara ba, musamman a cikin mata da matasa, waɗanda su ne ke tsayawa a layi. Waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara sun yi tasiri a zaɓen 2015 da waɗanda suka biyo baya, kuma daga nan 'yan fim suka rarrabu ƙungiya-ƙungiya, wasu na wannan ɗan takara, wasu na wancan. Ɗan fim ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin ya bi wanda yake so, ya kuma karɓi ladan aikinsa. Abin dubawa shi ne irin ladan. Mota ce, ko kujerar Makka, ko muƙamin mai ba da shawara, ga mutum ɗaya ko 'yan tsiraru da ke kusa da mai gida. Tsohuwar da ke fitowa a matsayin uwa, da mai riƙe fitila, da mai kwalliya, da direban da ke kai kaya lokeshan, babu abin da ke isa gare su. Ga kuma farashin da ake biya. A 2019 an kama Naziru Sarkin Waƙa kan zargin fitar da waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da ake takun saƙa tsakanin gwamnatin Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda ya ba shi sarauta. A 2023, bayan zaɓen gwamna, wasu suka cinna wa wani ginin Rarara wuta a Kano. Ɗan siyasa yana mu'amala da ɗan fim ne yadda ake shan rake, a tsotse ruwan a tofar da tuƙa, kuma laifin 'yan fim a nan shi ne sun yarda a yi ciniki da su ɗaya bayan ɗaya, ba su taɓa haɗa baki sun ce ga abin da sana'arsu ke buƙata kafin su hau dandamali ba.

An taɓa zuwa da wani babban shiri domin masana'antar. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin Naira biliyan 3. Wasu malamai da jama'a suka yi ca a kai, gwamnati ta janye ba tare da wani dogon bayani ba. Ana iya saɓani kan dacewar shirin, domin akwai masu ganin ko a wancan lokaci gini ba shi ne babbar buƙatar masana'antar ba. Abin lura shi ne da aka fasa ginin ba a ce ga wani abu a madadinsa ba. Yau kuma 'yan fim ne da kansu a kan kujeru. Abba Al-Mustapha ya zama shugaban hukumar tace fina-finai ta Kano a 2023, Ali Nuhu kuma ya zama shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a watan Janairu na 2024. Dukansu sun yi kwanan lokeshan, sun san nawa ake sallamar dattijo, sun kuma halarci jana'izar abokan aikinsu. Uzurin cewa masu mulki ba su san sana'ar ba ya ƙare a kansu.

Doka ma ba ta bar wurin uzuri ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Kariyar fim tana kai shekara 50, ma'ana ko Turmin Danya bai fita daga ƙarƙashinta ba, kuma haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada kamar gona. Akwai kuma ƙungiyar AVRS da aka ba lasisin karɓar kuɗin amfani da fina-finai a madadin masu su. Amma duk wannan ba ya amfanar wanda bai rubuta komai ba. Umar Yahaya Malumfashi, wanda ya fito a matsayin Kafi Gwamna a Kwana Casa'in, da darakta Nura Mustapha Waye na Izzar So, duk sun rasu a 2022, darakta Aminu S. Bono ya bi su a watan Nuwamba na 2023, kuma ayyukansu suna nan ana kallo. Haka abin yake ga kowane mamaci a wannan zamani na YouTube: fim yana ci gaba da kawo kuɗin talla bayan an binne mai shi. Ko magada suna da kaso ko ba su da shi, takardar da aka sa wa hannu tun farko ce kaɗai za ta raba gardama, shi ya sa rubuta ta ya fi kowace ta'aziyya amfani ga marayu.

Batun lafiya ya fi wannan sauƙi. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma akwai tsarin da ƙungiyoyi da masu sana'ar kansu za su shiga. Jihar Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. MOPPAN, uwar ƙungiyar 'yan fim, da ƙungiyoyin jarumai da daraktoci da ke ƙarƙashinta suna da rajistar 'ya'yansu, sun kuma nuna suna iya hukunci, kamar yadda aka kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon wata waƙa. Ƙungiyar da ke iya korar mutum daga sana'a tana iya cire wani ɗan kaso daga kasafin kowane fim ta zuba a asusun jinya, ta sa amintattu a kai, ta riƙa bayyana lissafi duk shekara. Inshora ba za ta ɗauki dukan nauyin ciwo irin na ƙoda ba, amma za ta sa a gano hawan jini da suga tun ba su kai ga ƙoda ba, kuma nan ne ake ceton rai da kuɗi kaɗan. Su ma manyan jarumai da ke taimaka wa na ƙasa da su a ɓoye, kuma suna da yawa, taimakonsu zai fi ɗorewa in ya bi ta asusu, domin mai kyauta ma yana iya wayar gari ba shi da shi.

Akwai haƙƙi na ƙarshe da ya rage wa mamaci, wato a adana aikinsa. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace wa masu kallo shekaru da yawa, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan fim ne da aka ɗauka a kan zaren silima. Kaset ɗin bidiyo bai kai shi ƙarko ba, zafi da ƙura da damina suna cinye shi, ga na'urorin kunna shi sun kusa ƙarewa. Wasannin Samanja da na Karkuzu da fina-finan shekarun 1990 suna ɗauke da Hausar wancan lokaci da suturarsa da fasalin garuruwansa, kuma masu bincike irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun nuna cewa tarihi ne na gaske. Hukumar Fina-finai tana da ma'ajiya a Jos. Tattara waɗannan kaset daga gidajen talbijin da shagunan tsofaffin 'yan kasuwa a mayar da su cikin kwamfuta aiki ne da ba zai ci kuɗin taron siyasa guda ba.

Dattawan da suka kafa wannan sana'a suna ƙarewa, waɗanda suka shigo da ƙuruciya a zamanin Sangaya kuma yau sun manyanta. Ya kamata hukumar tace fina-finai ta Kano ta sa takardar yarjejeniya cikin sharuɗɗan tace fim. Ya kamata MOPPAN kuma ta buɗe asusun jinya ta shigar da 'ya'yanta inshora, ta fara da tsofaffi. Duk ɗan takarar da zai nemi 'yan fim su hau masa dandamali a zaɓe mai zuwa, su fara tambayarsa abin da zai sa wa hannu a kan waɗannan biyun kafin a yi maganar mota.